Tsallake Katanga: Tunani a Kan Shingen Intanet da Masu Haura Shi

A shekarar karatu da ta gabata an kira ni zaman ladabtarwa a makarantar sakandaren da nake koyarwa. Wanda ake tuhuma ɗalibina ne, ɗan ajin ƙarshe, yaro mai ƙwazo wanda ban taɓa jin an kai ƙararsa ba. Makarantar tana da ɗakin kwamfuta, kuma hukumarta ta sa an toshe wasu shafuka na intanet: na batsa, na caca, na bidiyo, da dandalin hira irin su Facebook, don kada lokacin karatu ya salwanta. Shi kuwa yaron ya gano hanyar kewaye toshiyar, ya yi amfani da ita, sannan ya koya wa abokansa. Kafin mako biyu dabarar ta gangara har ƙananan azuzuwa, aka kama wasu yara ƴan shekara 12 suna kallon abin da alƙalami ba zai rubuta a nan ba.

Da aka ba shi damar magana bai yi musu ba. Ni ya fuskanta, ya sunkuyar da kai, ya ce: "Mushe, ka gafarce ni. Kai ne ka koya mana yadda ake buga littattafan Voltaire a Janeba a shigo da su Faransa a ɓoye, ka ce masu wannan aiki sun yi wa duniya hidima. Su ma doka suka karya. Me ya sa nasu ya zama jarunta, nawa ya zama laifi?"

Ɗakin ya yi tsit. Abokan aikina suka zuba mini ido, domin kibiyar ni aka harba wa. Tambayar ta fi ƙarfin yaron da ya yi ta, ta kuma fi ƙarfin ɗakin da aka yi ta a ciki. Tambaya ce da ta shafi miliyoyin mutane a duniya waɗanda kullum suke haura shingen da aka kafa tsakaninsu da wani shafi. Shin aikinsu daidai ne ko kuskure? In kuwa wani lokaci daidai ne wani lokaci kuskure, da wane mudu za mu auna?

Yadda ake gina katangar, da yadda ake haura ta

Kafin a yanke wa abu hukunci sai an san yadda yake. Idan mutum ya rubuta sunan shafi, kwamfutarsa ko salularsa ba ta san inda shafin yake ba. Sai ta tambayi wani kundi da ke mayar da suna lambar adireshi, kamar yadda baƙo ke tambayar mai unguwa gidan wane. Hanya mafi sauƙi ta toshiya ita ce a umarci kamfanin sadarwa ya ce babu mai wannan suna, ko ya nuna wa baƙon gidan da ba shi ba. Hanya ta biyu ita ce a datse titin da ke kaiwa ga lambar kanta. Ta uku, wadda ta fi tsada, ita ce a kafa na'urorin da ke bincika duk abin da ke wucewa, kamar yadda ƴan duwan ke kwance kaya a bakin iyaka.

Masu haurawa su ma suna da kayan aikinsu. Wanda aka fi sani shi ne VPN: na'urarka tana haɗa rufaffen bututu da wata kwamfuta a wata ƙasa, ita ce ke zuwa ta ɗauko maka shafin. Mai gadi yana ganin ka fita, amma bai san gidan da ka nufa ba. Akwai kuma Tor, wanda tushensa binciken da aka yi a ɗakin gwajin sojan ruwan Amurka ne a tsakiyar shekarun 1990, aka fito da shi a 2002. Shi yana naɗe saƙo ɓawo bisa ɓawo kamar albasa, ya bi da shi ta tasha uku, kowace tasha ta ɓare ɓawo ɗaya, ta yadda babu wadda ta san mafari da maƙura gaba ɗaya. Akwai Psiphon, wanda aka ƙirƙira a Jami'ar Toronto ta Kanada a 2006 domin mutanen ƙasashen da ake tace musu labari. Sai dai dukkansu suna da iyaka guda: suna aiki ne idan titi yana nan an rufe wasu ƙofofi. Idan aka yanke layin baki ɗaya, babu dabarar da za ta yi amfani.

Ƙasar da ta fi kowa ƙwarewa a wannan gini ita ce Sin. Tun 2009 ta toshe Facebook da Twitter, a 2019 ta toshe Wikipedia a dukkan harsuna. Mutanen ƙasar suna kiran amfani da VPN da kalmar da ma'anarta ita ce haura katanga, kuma daga gare su na ari sunan wannan maƙala. Haurawar ba wasa ba ce a can: a ƙarshen 2017 wata kotu a yankin Guangxi ta yanke wa wani mutum ɗaurin shekara 5 da rabi saboda sayar da VPN.

Hujjar ɗalibina

Dole in amsa cewa yaron bai yi ƙarya a kaina ba, kuma tarihi yana bayansa. A Faransa ta ƙarni na 18 ba a buga littafi sai da izinin sarki. Littattafan da aka hana sai a buga su a Amsterdam ko Janeba ko Neuchâtel, ƴan dako su goyo su a baya su ratsa duwatsun Jura da dare. Candide na Voltaire a Janeba aka buga shi a 1759, ba tare da sunan marubucinsa ba. A wannan shekarar aka janye izinin babban kundin ilimi na Diderot da d'Alembert, amma aikin bai tsaya ba. Juzu'i 10 na ƙarshe na rubutun sun fito a 1765 ɗauke da sunan Neuchâtel a bango don a batar da sawu. Abin mamaki, Malesherbes, jami'in da sarki ya ɗora wa kula da harkar littattafai, shi da kansa ya ɓoye takardun Diderot a gidansa lokacin da aka ba da umarnin kama su. Mai gadin ƙofa ya ga abin da ake son ya tsare, zuciyarsa ta ƙi.

Kusa da zamaninmu ma haka abin yake. A 1958 Henri Alleg ya rubuta La Question, inda ya bayyana azabar da sojojin Faransa suka gana masa a Aljeriya. Gwamnati ta kama littafin, aka sake buga shi a Lozan ta ƙasar Suwis, ya dawo ta bayan gida. A 1972 ministan cikin gida na Faransa ya haramta littafin Mongo Beti a kan yadda aka danne Kamaru bayan mulkin kai, ba a ɗage haramcin ba sai 1976. Wane malamin adabi ne yau zai tsaya gaban aji ya ce waɗanda suka karanta waɗannan littattafai a ɓoye sun yi laifi? Da sun bi doka, da gaskiyar ta daɗe a binne.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, doka da gaskiya ba kullum suke kwana ɗaki ɗaya ba. Mai mulki yakan rufe ƙofa don kare jama'a, yakan kuma rufe ta don kare kansa, kuma a duka biyun sunan jama'a yake ambata. Saboda haka cewa "an hana" kaɗai ba ta isa hujjar cewa haurawa laifi ne a ma'aunin ɗabi'a ba.

Ba kowace katanga ce kurkuku ba

To amma cewa "an hana" ba ta isa hujjar cewa haurawa jarunta ce ba ita ma. A nan ne ɗalibina ya yi tuntuɓe. Bahaushe ya san katanga iri-iri. Akwai dangar gida da ke tsare mutuncin iyali, akwai shingen gona da ke hana dabbobi ɓarna, akwai bakin rijiya da ake ɗagawa don kada yaro ya faɗa, akwai kuma bangon gidan kaso. Duk tsari ne, amma babu mai hankalin da zai ce hukuncinsu ɗaya.

Magana tana kisa, wannan ba abin musu ba ne. A 1994 gidan rediyon RTLM a Ruwanda ya riƙa zuga mutane su kashe maƙwabtansu, yana ambaton sunaye da wuraren ɓuya, kuma a 2003 kotun duniya da ke Arusha ta kama jagororinsa da laifi. Da an toshe wannan murya a lokacin, babu wanda zai kira toshiyar zalunci. Hotunan lalata da ƙananan yara, shafukan damfara, da masu koyar da haɗa bama-bamai, duk al'ummar da ta bar su a sake ta yi sakaci da amanarta. Dokokin duniya ma sun yarda da haka. Yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966, a sashe na 19, ta tabbatar wa kowa ikon neman labari da karɓarsa ba tare da la'akari da iyakar ƙasa ba, sannan ta yarda a taƙaita wannan iko bisa sharaɗi: taƙaitawar ta kasance a rubuce cikin doka, kuma ta zama dole domin kare haƙƙin wasu, ko tsaron ƙasa, ko zaman lafiya, ko lafiyar jama'a da tarbiyyarsu.

John Stuart Mill, masanin falsafa ɗan Ingila wanda ya fi kowa kare ƴancin ra'ayi a littafinsa na 1859, ya fito fili ya ce maganarsa ta manya ce, ban da yara. Uba yana da ikon hana ɗansa, makaranta tana da ikon tsara abin da ake yi da kayanta a lokacin karatu, domin yaro amana ne, kuma hankalinsa bai gama nuna ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai Mill ɗin nan bai tsaya ga yara ba: ya haɗa da al'ummomin da ya ɗauka ba su waye ba, ya ce mulkin danniya ya halatta a kansu in dai don gyara su ne. Mu da kakanninmu suka rayu ƙarƙashin dokar indijena har 1946 mun san ɗanɗanon wannan magana. An mayar da dattawa masu furfura yara, aka ce ana yi musu tarbiyya. Wannan ya isa ya koya mana inda haɗarin yake: hujjar kare yaro gaskiya ce, amma duk mai son danne babba da ita yake fakewa, ya fara kiransa yaro tukuna.

Tambayoyi uku da za a yi wa katanga

Ina ganin kafin a hukunta mai haurawa sai an fara tuhumar katangar, da tambayoyi uku. Ta farko: wa ya gina ta, kuma a kan wa? Idan mai riƙon amana ne ya gina ta a kan wanda amanarsa ke hannunsa, kamar uba da ɗa ko makaranta da ɗalibi, tana da tushe. Idan kuwa mai mulki ne ya gina ta tsakanin manyan mutane da labarin yadda ake mulkinsu, to mai shari'a ya zama mai ƙara, ya zama kuma mai shaida. Ta biyu: an faɗi dalili a fili, an auna ta daidai da cutar, an sa mata ranar ƙarewa? Ta uku: akwai alƙalin da za a kai wa kuka, wanda zai iya cewa a rushe kuma a rushe?

Mu gwada da abubuwan da suka faru. A 2016 tambayoyin jarrabawar bakaloreya suka fita a dandalin sada zumunta a Aljeriya, har dubban ɗaruruwan ɗalibai suka sake zama. Daga nan hukuma ta shiga toshe dandalin a lokacin jarrabawa, a 2018 ma ta riƙa yanke intanet na ɗan lokaci a farkon kowace takarda. Ana iya cewa maganin ya fi cutar faɗi, tunda ɗan kasuwa da likita sun sha wahalar laifin da ba nasu ba, kuma wannan suka tana da ƙarfi. Amma dalilin a bayyane yake, lokacin a ƙayyade. Ɗalibin da ya haura wannan shinge don ya sami amsa kafin ƴan uwansa ba ɗan gwagwarmaya ba ne, ɓarawon jarrabawa ne, kuma abokan karatunsa ya cuta.

A Cadi kuwa an toshe dandalin sada zumunta daga Maris 2018 har Yuli 2019, wata 16 cur, mutane suna biyan kuɗin sadarwa mai tsada suna ƙarawa da wahalar VPN don su gaisa da danginsu. A Turkiyya an rufe Wikipedia baki ɗaya a Afrilu 2017 saboda wasu ƴan shafuka da gwamnati ba ta so. A Disamba 2019 kotun tsarin mulki ta ce an tauye haƙƙin jama'a, aka buɗe a Janairu 2020. A Najeriya an dakatar da Twitter a Yuni 2021, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, ministan shari'a ya ce a gurfanar da masu ci gaba da amfani da shi, ba a buɗe ba sai Janairu 2022. A Yuli 2022 kotun CEDEAO ta yanke cewa dakatarwar ta saɓa wa doka, kamar yadda ta yanke a 2020 a kan yanke intanet da Togo ta yi a 2017. Malamin Turkiyya da ya haura shinge don ya duba tarihin wani marubuci a cikin waɗannan shekaru, me za mu kira laifinsa, tunda kotun ƙasarsa da kanta ta ce katangar ce ba ta bisa ƙa'ida?

Mu ma a Nijar mun ɗanɗana. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, da tarzomar da ta biyo baya a Yamai, an yanke intanet na salula daga 24 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris 2021. A waɗannan kwanaki 10 VPN bai amfani kowa a salularsa ba, tunda titin ne aka datse. Abin da nake tunawa shi ne jita-jita ba ta mutu ba. Komawa ta yi bakin kasuwa da majalisar shayi, inda babu mai iya nuna hoto ko takarda ya ƙaryata ta. Tafin hannu ba ya rufe rana, amma yana iya hana mutum ganin ramin da ke gabansa.

Ɓoyewar tsoro da ɓoyewar kunya

Akwai suka guda mai nauyi da ba zan tsallake ba. Manyan da suka halatta saɓa wa dokar zalunci sun gindaya sharaɗi. Martin Luther King, a wasiƙar da ya rubuta daga kurkukun Birmingham a 1963, ya nuna cewa mai karya irin wannan doka ya yi a bainar jama'a, ya kuma yarda da hukuncin da zai biyo baya, domin ta haka ne yake girmama doka ko da yana saɓa mata. Mai amfani da VPN kuwa duk dabararsa ɓuya ce. Ashe bai faɗi wannan jarrabawa ba?

Amsata ita ce ɓuya iri biyu ce. Ranar zaɓe muna shiga bayan labule mu jefa ƙuri'a, kuma babu mai cewa mun yi abin kunya. An sa labulen ne don kada mai ƙarfi ya tsoratar da mai rauni. Karatu ma haka yake. Mai zanga-zanga yana magana da jama'a, dole a gan shi. Mai karatu yana neman abin da zai gina ra'ayinsa ne, kuma ra'ayin da aka gina ana leƙen mai shi ta taga ba nasa ba ne. To amma ta yaya mutum zai san irin ɓuyarsa? Ma'aunin da na samu a cikin tarbiyyarmu yake. Ka tambayi kanka: abin da na haura na duba, zan iya faɗinsa a gaban mahaifiyata ko malamina ba tare da na sunkuyar da kai ba? Wanda ya ɓuya daga ɗan sanda amma zai iya gaya wa tsohuwarsa abin da ya karanta, tsoro ne ya ɓoye shi. Wanda daga tsohuwar tasa yake ɓuya, kunya ce ta ɓoye shi, kuma kunya ba ta zuwa banza. Na shiga ban ɗauka ba, in ji Hausawa, ba ta fid da ɓarawo. Sai mu ƙara da cewa abin da mutum ya fito da shi ne ke nuna abin da ya kai shi.

Wannan ba ya nufin mai tsoro ya tsira daga hukuncin ƙasarsa. Inda doka ta hana, mai haurawa ya san abin da ya ɗauka, kuma bai kamata wani daga nesa ya zuga shi ba alhali ba shi zai kwana a gidan kaso ba.

Abin da ke bayan katanga

Matasa da yawa suna zaton da an haura an isa. A gaskiya nan aikin yake farawa. Da farko, mai VPN bai rabu da mai gadi ba, canza shi ya yi: duk abin da ya ɓoye wa kamfanin sadarwar garinsu ya miƙa shi ga wani baƙo da bai taɓa gani ba. A 2016 wasu masu bincike na Ostareliya da Amurka sun duba manhajojin VPN 283 na wayoyin Android, suka tarar kashi 18 cikin 100 ba sa ma rufe saƙon da suka yi alkawarin rufewa. Abin da aka ba ka kyauta, ka tambayi da me mai shi ke cin abinci. Tor ɗin da ɗan jarida ke tsira da shi, a cikinsa aka kafa kasuwar ƙwaya ta Silk Road daga 2011 zuwa 2013. Wuƙa ɗaya ce ke hannun mahauci da hannun ɗan fashi.

Na biyu ya fi wannan zurfi. Wasu masana tattalin arziki biyu, Yuyu Chen da David Yang, sun yi gwaji da ɗalibai fiye da 1,800 na jami'o'in Beijin, suka ba wasu daga cikinsu VPN kyauta na wata 18, suka buga sakamakon a 2019. Kusan rabin waɗanda aka ba shi ba su ko taɓa shi ba, waɗanda suka yi amfani da shi kuwa kaɗan ƙwarai ne suka leƙa jaridun waje. Sai da aka kwaɗaitar da wasu, aka nuna musu akwai abin karantawa, sannan suka fara, kuma da suka fara ba su daina ba. Wannan ya nuna katangar da ta daɗe takan koma cikin zuciya: kifin rijiya ba ya kewar kogi, tunda bai san da shi ba. Ya kuma nuna buɗe ƙofa kaɗai ba ya ilmantarwa. Sai an sami wanda ya tada ƙishirwa.

A nan na iso ga abin da nake son faɗi. Duk wanda ya haura shinge ya ce wa mai gadi ke nan: ban yarda ka zaɓa mini ba, ni zan zaɓa wa kaina. Magana ce mai girma, kuma babba yana da ikon faɗinta. Amma wanda ya faɗe ta ya ɗauki aikin mai gadin ya aza a kansa. Rariyar da ya ƙwace daga hannun wani tana hannunsa yanzu, kuma tsakuwar da ke cikin garin ba ta ragu ba. Shi zai tambayi wa ya rubuta wannan, yaushe, don amfanin wa. Shi zai gane hoton da aka ɗauka a wata ƙasa shekara biyar da suka wuce aka ce na jiya ne a garinsu. Shi zai riƙe yatsansa kafin ya tura wa mutum ɗari labarin da zai iya tada unguwa. Kuma an hana abu ba ya nufin abin gaskiya ne. Maƙaryata sun daɗe da gane cewa ba abin da ke sayar da ƙarya kamar a ce ita ce gaskiyar da ake ɓoye muku. Wanda ya haura ba tare da ya ɗauki wannan nauyi ba, bai sami ƴanci ba, ubangida ya canza.

Komawa ga ɗalibina

An dakatar da yaron kwana uku, kuma na sa hannu a kan hukuncin. Da ya dawo na kira shi bayan an tashi, na ce: "Ɗana, tambayarka ta yi kyau, kuma ba zan janye abin da na koya muku ba. Amma ƴan dakon Voltaire sun kai littattafai ne ga manyan da aka mayar yara. Kai kuwa ka buɗe ƙofa ga yara kamar manya ne, ka tafi ka bar su, ba ka tsaya ka ga abin da zai shigo ba. Ƙannenka ne, kai ya kamata ka zama dangarsu." Ya yi shiru, sannan ya ce abin da ya fara kai shi darussan lissafi ne na bidiyo da toshiyar ta haɗa da su, kuma ya rasa wanda zai gaya wa.

Wannan ta sa na mayar da tambayoyina uku kan katangarmu. Ta farko mun ci: mu ne masu riƙon amana. Ta biyu da ta uku mun faɗi, domin ba mu taɓa gaya wa ɗalibai abin da muka rufe da dalilin rufewa ba, ba mu kuma buɗe musu hanyar kawo kuka ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yanzu jerin abin da aka toshe yana manne a ƙofar ɗakin tare da dalilai, kuma akwai littafin da ɗalibi zai rubuta shafin da yake bukata, malamai biyu su duba su amsa masa cikin mako.

Ga abokan aikina malamai da ƙungiyoyinmu na raya al'adu, ina ganin aikin da ke gabanmu a bayyane yake. Yaran nan sun riga mu sanin dabarun haurawa, kuma babu toshiyar da za ta bi su gida. Abin da ba su da shi, wanda kuma babu manhajar da za ta ba su, shi ne iya tankaɗe. Darasin nazarin matani da muke yi a ajin Faransanci, da darasin karin magana da tatsuniya da muke yi a ajin Hausa, inda yaro ke koyon gane wayon Gizo kafin Gizo ya cinye shi, su ne kayan aikin. Mu kawo labaran da ke yawo a salularsu cikin aji, mu warware su tare, jimla bayan jimla, kamar yadda muke yi wa shafin littafi. Ɗalibin da ke gabanmu yau, nan da shekara biyu babba ne, zai tsaya gaban katangar da ba mu muka gina ba, ba kuma za mu kasance kusa ba. Fatana shi ne a ranar ya san tambayoyin da zai yi mata, ya kuma san tambayar da zai yi wa kansa.